Katsina na buƙatar gidaje, amma ba kowace gona ce fuloti ba

Wanda ya fita daga birnin Katsina ta kowace hanya, ta Dutsin-Ma ce ko ta Batsari, ta Jibiya, ta Kaita, ta Mani ko ta Kano, abu ɗaya zai gani. Gonakin da ba da jimawa ba ake girbin gero da wake a cikinsu yau an kafa musu turakun siminti, an jera bulo uku-uku a kowace kusurwa. Wani wurin an kai linta an tsaya, wani wurin katanga ce kawai da ƙyauren ƙarfe, ciki ba kowa sai tafasa da ƙashin yawo. Garin ya daɗe da tsallake iyakar ƙaramar hukumarsa ya shiga ƙasar Batagarawa. Duk da haka ana sa ranar aure a ɗaga saboda ango bai samu ciki da falo na haya ba, kuma akwai gidajen gado a cikin gari da magidanta huɗu ko biyar ke zaune da iyalansu a kan banɗaki ɗaya. Gona tana ƙarewa, gida bai wadata ba. Muna cin ƙasa mai yawa muna samar da gidaje kaɗan, kuma sau da yawa ƙasar da muke ci ita ce wadda bai kamata a taɓa ba.

Dalilan ƙaruwar buƙata a fili suke. Tun da aka ƙirƙiri jihar a 1987 Katsina ta zama mazaunin gwamnati, ma'aikata suka taru. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 5.8, kuma yaran da aka ƙirga suna firamare a lokacin su ne yau ke neman wurin ajiye amarya. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Al-Ƙalam da sauran manyan makarantun da ke ɓangaren hanyar Dutsin-Ma sun jawo ɗalibai da malamai masu neman haya. Ga kuma abin da ya fi ciwo, mutanen ƙauyukan Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa da sauran wuraren da 'yan bindiga suka addaba, waɗanda suka baro gonakinsu suka shigo gari, wasu a gidajen 'yan'uwa, wasu a kangwaye. Gwamnatoci sun gina rukunin gidaje irin su Goruba, Barhim, Makera da Fatima Shema, ta tarayya ma ta aza harsashin gidaje 250 a 2024. Kowanne ya yi amfani. Sai dai mafi yawan gidajen garin nan ba gwamnati ta gina su ba, ɗan kasuwa ne da malamin makaranta da direba, bulo ɗari bana, bandir ɗin kwano baɗi. Maganar tsare ƙasa ba za ta yi tasiri ba sai ta isa inda wannan mutumin ke sayen filinsa, wato wajen 'yan awon igiya.

Kowa ya san yadda ake awon igiya. Dillali ko mai kuɗi ya sayi gona, ya kira mai awo, a yanka ta ƙafa 50 da 50 ko 50 da 100, a bar 'yar hanya, a sayar, mai unguwa ya sa hannu. Yana da sauri, yana da rangwame, ana biya kaɗan-kaɗan, shi ya sa talaka ya rungume shi, kuma zagi ba zai kawar da shi ba. Illarsa a lissafi take. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, mita 100 tsawo, 100 faɗi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 yana cin murabba'in mita 465. In ba a bar ko taku ɗaya na hanya ba, hekta za ta ba da fuloti 21. Unguwar da aka tsara yadda ya kamata tana ware kashi 30 zuwa 35 cikin 100 domin hanyoyi, lambatu, makaranta, masallaci, wurin taransifoma da filin da ruwa zai kwanta, ragowar ya ba da fuloti 14 ko 15. Mai awon igiya kuwa 18 ko 19 yake so. Waɗannan huɗun da ya ƙara daga jikin hanya da hanyar ruwa ya yanko su. Sakamakon shi ne lungu mai ƙafa 10 ko 12 wanda motar yashi ba ta shiga, balle ta kashe gobara, babu inda za a haƙa lambatu, kowa ya sako ruwan wankinsa tsakiyar hanya. Hadisi ya yi umarni idan aka yi saɓani kan hanya a sanya ta kamu bakwai, kusan mita uku da rabi, wannan kuwa a zamanin raƙumi da jaki ne. Hanyar cikin unguwa a yau bai kamata ta gaza mita 9 ba, wadda ke kwashe unguwa zuwa babban titi kuma 12 zuwa 15, don a samu wurin lambatu gefe biyu da turakun wuta da layin itatuwa.

Ɗaya ɓangaren lissafin ya fi shafar masu hali. Gida mai ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki biyu yana zama a kan murabba'in mita 110 zuwa 130. Fuloti mai ƙafa 40 da 60, wato murabba'in mita 223, ya ishe shi har da tsakar gida da zaure. A hektar da aka ba hanyoyi haƙƙinsu, irin wannan fuloti yana fitowa 29. Gidaje 1,000 a kan 50 da 100 suna cin hekta 70, a kan 40 da 60 kuma hekta 35. Manomi mai matsakaicin taki yana samun abin da ya kusa buhu 10 na gero a hekta, ke nan bambancin buhu 350 ne kowace kaka, kuma gonar da aka zuba wa kankare ba ta dawowa. Kowane gida ma ya rage ƙafa 10 na kwalta da bututun ruwa da wayar wuta da za a ja ta gabansa.

Sannan ga filayen da aka kewaye aka manta. A unguwannin da tuni aka kai musu titi da wuta akwai fuloti masu ƙafa 100 da 100 da suka yi shekara goma sha a katange, an ajiye su kamar yadda ake ajiye hatsi a jira tsada. Takardar ba da fili ta gwamnati kan zo da sharaɗin a gina cikin wa'adi, amma da wuya ka ji an bi wannan sharaɗi. Ba na goyon bayan a ƙwace filin marayu ko na ma'aikacin da ke tara kuɗin bulo. Amma mai fuloti biyar, goma, a tsakiyar gari babu ko tubali, ya kamata harajin ƙasarsa ya riƙa hauhawa kowace shekara har ya gina, ko ya raba ya sayar. Kowane kango da aka raya a cikin gari ya kuɓutar da wata gona a bayan gari.

Hawa sama ma yana rage cin ƙasa, kuma ba baƙon abu ba ne a nan, magina sun yi benen ƙasa da tubali da azara tun kafin zuwan siminti. Ƙorafin mutane shi ne leƙen tsakar gidan maƙwabci, kuma ƙorafi ne mai tushe. Ana maganinsa a zane: manyan tagogin sama su kalli titi da tsakar gidan mai su, na gefe kuma a ɗaga su mita 1.8 daga daɓe, matakala ta fita ta ƙofar kanta don ɗa ya zauna sama da iyalinsa, iyaye a ƙasa, ba a shiga wa juna. Abin da ke kashe mutane shi ne ɗora bene a kan harsashin da ba don shi aka yi ba. In ana da niyyar bene ko da nan da shekara goma ne, tun ranar haƙa harsashi injiniya zai fitar da girman ƙafafun ginshiƙai da rodinsu. Kwaɓin kankare siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, dekin kauri santimita 15, a shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kada a cire tokara kafin kwana 21. Buhun siminti ɗaya bulo 25 zuwa 30 mai inci 9 yake yi. Wanda aka matso 45 ko 50 daga buhu guda, in ka sake shi daga ƙugu zai wargaje, kuma haka zai yi a jikin gini.

Akwai gaskiyar da masu kiran a rage girman fuloti ba su cika faɗa ba. Tsakanin rijiya da masai ko sokawe ana son mita 30. Fuloti mai ƙafa 50 da 50 mita 15 ne gaba ɗaya, ke nan rijiyarka tana maƙwabtaka da masan wanda ke bayanka. Ƙaramin fuloti ba ya tafiya da kowa-ya-haƙa-tasa. Dole unguwa ta samu rijiyar burtsatse ɗaya ko biyu a tudunta, da tanki a sama, da bututu zuwa gidaje, a keɓe wurin tun ranar awo.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: wace ƙasa za a gina, wace za a bari? Manomin Katsina bai buƙatar taswira kafin ya bambanta jigawa da fadama da faƙo da marmara. Faƙo da marmara ba sa ba da hatsin kirki amma suna riƙe harsashi, su ya kamata a fara ci. Jigawa tana biye, in babu makawa. Fadama, kududdufi, bakin rafi, burtali da shingen itatuwa kuwa, ginin da aka yi a kansu asara biyu ne, ta mai gini da ta gari.

Kududdufan cikin gari ramukan da aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne, daga baya suka zama ma'ajiyar ruwan sama. Katsina na samun abin da bai wuce milimita 600 zuwa 700 na ruwa a shekara ba, amma yawancinsa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka, kuma a 'yan manyan ruwaye. A ɗauki ruwan dare ɗaya mai milimita 50. Kowace hekta ta karɓi lita 500,000, jarka 20,000 ke nan mai lita 25. In gonar jigawa ce, ƙasa za ta shanye mafi yawa, kashi ɗaya ko biyu cikin goma ne zai gudana. In kwano ne da daɓen siminti da kwalta, kashi bakwai ko takwas zai fito titi, kuma cikin mintoci. Kududdufi mai tsawon mita 50, faɗi 40, zurfi 2, yana riƙe lita miliyan 4, wato ruwan da ginanniyar unguwa mai hekta 10 za ta zubo a irin wannan dare. Ranar da aka cike shi, lita miliyan huɗun nan ba ta ɓace ba, gidan wanda ya fi kowa gangare za ta nema.

Yadda ake cikewar ma abin tsoro ne. Ana barin unguwa ta zuba shara shekara da shekaru, in bola ta cika a kawo tifa 'yan kaɗan ta jar ƙasa a shafe sama, a yanka a sayar. Sharar da ke ƙasa tana ci gaba da ruɓewa tana zama, kuma ba daidai take zama ba, wani gefen ya fi wani. Bayan damina biyu ko uku sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta nufi ƙasa a karkace, ƙofa ta daina rufuwa, daɓe ya lotsa. Danshi ya hau bango, kanta ta ci filasta, a yi yaɓe ta sake ci. Rijiyoyin kewaye kuma su ja baya, domin ta ƙasan kududdufin nan ruwa ke tsatsa yana ciyar da su.

Masu son a cike suna da hujja: sauro, wari, da yaran da ke faɗawa. Duk gaskiya ne, amma waɗannan cututtukan kududdufin da aka yi wa sakaci ne. Gyaransa sananne ne. A yashe shi da rani, a kwantar da gaɓarsa yadda wanda ya zame zai iya fitowa, a kewaye shi, a sa raga da ɗan ramin tare yashi a inda ruwa ke shiga don leda da laka su tsaya a nan a riƙa kwashewa, a yi masa mafita a sama wadda za ta kai rarar ruwa babban lambatu, a hana sako ruwan masai cikinsa. Kuɗin wannan bai kai na faɗaɗa kwalbatoci da biyan tallafin ambaliya kowace shekara ba.

Rafukan Ginzo da Tille su ke kwashe ruwan birnin, kuma a gefen Ginzo, wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, 'yan lambu ke noman latas da kabeji da alayyafo da ake ci a gari. Ruwan da suke ban ruwa da shi yana haɗe da dattin gari, wannan matsala ce da ke son magani, amma maganinta tace ruwan ne, ba maye lambun da bulo ba. In aka matse rafi da gini ta gefe biyu, ruwa yana ƙara gudu, ya ci gindin katanga, ya zurfafa, zaizaya ta kama tafiya baya-baya zuwa cikin unguwa. Iyakar da ta fi aminci ita ce inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ta fi kowace ruwa, tsofaffin manoman wurin sun san ta, za su nuna maka itacen da ya tsaya. Daga nan a ƙara tazara, a dasa itatuwa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya ta rushe ɗaruruwan gidaje, ta isa ta nuna abin da rafin da ke bushe wata takwas zai iya yi.

Burtali kuwa, tun dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ake ƙoƙarin tsare shi tare da makiyaya da mashaya. In gini ya toshe shi, shanu ba sa fasa tafiya, gonar wani za su bi ko kwalta, daga nan rigima. Abin da masu saye ba su lura da shi ba, burtali ya fi gonakin gefensa zurfi saboda kofato ya daɗe yana cin sa, don haka da damina shi ne hanyar ruwa. Mai hankali in zai tsara unguwa burtali yake mayarwa babbar hanya mai itatuwa, ya bar wa dabbobi gefe.

Shingayen bedi da turare da aka dasa a arewacin jihar tun ƙarshen shekarun 1980 da tallafin Turai, su ma gari ya fara iske wasu. Shinge yana rage ƙarfin iska har nisan da ya ninka tsayinsa sau 10 zuwa 15, ke nan layi mai tsayin mita 10 yana kare mita 100 zuwa 150 na bayansa daga yaye kwano da binne shuka. In aka sare tsakiyarsa don fuloti uku, iska ta samu ƙofa, ta matsu ta fito da ƙarfin da ya fi na da. Katsina na cikin jihohi 11 da hukumar babbar katangar itatuwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2015, ke aiki a cikinsu, kuma ba dabara ba ce a kashe kuɗi ana dashe a Baure da Zango alhali ana sare manya a bakin birni. Gawo da kuka da tsamiyar da ke cikin gona su ne farkon faɗuwa ranar awo, saboda sun tsaya a tsakiyar fuloti. Da za a fara sa su a takarda kafin a ja layi, da yawansu sai su faɗo a mahaɗar hanya ko harabar masallaci.

To me ya sa manomi ke gaggawar sayarwa? Amsar tana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Dokar ta ɗora ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, filayen birni ƙarƙashinsa kai tsaye, na karkara ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya ce diyya ta abin da ke kan ƙasa ce, gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Manomin da ya ga gari ya matso, ya ji ana raɗe-raɗin za a yi shimfiɗar gwamnati, wato gwamnati ta karɓi gonaki ta yanka fuloti, ya san in ya jira kuɗin karan gero da 'yan itatuwa za a ba shi. In ya kira dillali yau kuwa, kuɗin fili zai karɓa. Ba kwaɗayi ba ne, lissafi ne, kuma kowa ne a matsayinsa haka zai yi. Duk dokar hana gini da ba ta gyara wannan ba, hanzarta awon igiya kawai za ta yi.

Hanyar da ta fi adalci ita ce a haɗa gonaki a tsara su tare, a mayar wa masu su da rabonsu a fuloti. Misali manoma goma masu hekta 20, hekta 2 daga ciki fadama ce. Safiyo ya auna gonar kowa a gaban maƙwabta da mai unguwa. A fara cire fadamar, ta zama hurumin unguwa da takarda, a ba 'yan lambu haya, kuɗin ya tafi yasar lambatu. Daga hekta 18 a cire kashi 35 cikin 100 na hanyoyi da hidimomi, saura 11.7. Hukuma ta ɗauki rubu'i ta sayar don kwalbati da birji da burtsatse, manoma su raba hekta 8.8 gwargwadon abin da kowa ya kawo, har da mai fadama. Duk hektar da aka kawo ta dawo da fuloti 19 ko 20 masu ƙafa 40 da 60. A faɗi gaskiya, wannan rabin faɗin da zai sayar ne a awon igiya. Amma fuloti ne mai hanya da takarda, kowane dillali ya san tazarar farashinsa da na awon igiya, kuma mai shi yana iya riƙe wasu ga 'ya'yansa ba da tsoron rusau ba. Muhimmin abu shi ne mai fadama bai yi asara shi kaɗai ba, don haka ba shi da dalilin cike ta da dare.

Inda irin wannan tsari ke lalacewa sananne ne. Na farko jinkiri: in takarda ta yi shekara uku a ofis, manoma sun gaji sun sayar. Na biyu, a zana hanya a takarda ba a buɗe ta a ƙasa ba, wannan ya ci ƙafa biyu, wancan ya ci uku, masallaci ya fito da baranda. Kafin a ba kowa takardar fili ɗaya, gireda ta buɗe hanyoyi, a zuba birji, a kafa duwatsun iyaka, a dasa itatuwa gefe. Na uku, filin makaranta da na kwanciyar ruwa su zama fuloti bayan an canja shugabanni. Maganinsa a yi musu takarda da sunan abin da aka ware su dominsa, a kafa allo, jama'ar unguwa su riƙe kwafi. Na huɗu gado: gonar da ba a raba ba, babban wa ya sa hannu a madadin kowa, 'yan'uwa mata ba su sani ba, bayan shekara biyar kotu ta dakatar da komai.

Yanzu da jihar ta kafa KATGIS don adana bayanan filaye a kwamfuta, aikin da ya fi gaggawa shi ne ita da hukumar tsara birane su fitar da taswirar wuraren da ba a gini, kududdufi ɗaya-ɗaya, gaɓar rafi, burtali, shinge, maƙabarta, ragowar ganuwa, a buga ta da Hausa a ba kowane hakimi da dagaci da mai unguwa. Sa hannunsu ne ƙofar farko ta kowane ciniki, kuma ba a yi musu adalci ba in an ce su tsare iyakar da ba a nuna musu ba. Takarda tana da wani amfanin ga mai saye: ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi don asusun gidaje na ƙasa tun dokar 1992 ba zai iya neman kuɗin gini a kan filin da ba shi da shaidar mallaka ba.

Kai kuma malam mai neman fili, kada ka yanke ciniki da rani. Je ka gan shi a Agusta, washegarin babban ruwa. In dole da rani ne, dubi ƙasar: baƙa mai tsagewa, ko kacala da jiji da suka bushe, alamar kwanciyar ruwa ce. Dubi katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari. Biya leburori su haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a wuri biyu, in leda da tsumma da toka suka fito, bola ce, ka bar ta ko da rabin kuɗi ne. Tambayi tsohon manomin da ke maƙwabtaka da wurin, ba dillali ba. Auna faɗin hanya da kanka, ka bi ta har inda ta haɗu da titi, domin wata hanyar a katangar wani take ƙarewa. Ɗaga kai ka dubi wayar wuta: mai kilobolt 11 ko 33 tana son mita 5.5 kowane gefe, mai 132 mita 15, mai 330 mita 25. Titin gwamnatin tarayya yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe. In gonar gado ce, nemi takardar rabon gado ta kotu da sa hannun dukkan magada, maza da mata. Sa safiyo ya ɗauki lambobin kusurwoyi, ka kai ofishin filaye a duba ko wurin ya faɗa cikin wata shimfiɗa ko hanyar da za a yi, kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Ranar gini, ɗaga daɓen gidan santimita 45 zuwa 60 sama da hanya, domin duk ranar da aka zo yin kwalta titi zai tashi, gidajen da suka yi daidai da shi su koma rami. Kada ka shafe tsakar gida duka da siminti, bar aƙalla sulusi ƙasa ko tsakuwa. Rufin murabba'in mita 130 yana tara kusan lita 78,000 a damina mai milimita 600, sama da jarka 3,000 da kake saye wajen 'yan ga-ruwa, saboda haka sa indararo ya zuba a tanki, rarar ta shiga ramin tsatsa mai tsakuwa a nesa da harsashi da mita 3. Bedin ƙofar gida kuma a dasa shi mita 4 ko 5 daga katanga, a farkon Yuli bayan ruwa ya zauna, a kewaye shi da ƙaya ko bulo saboda awaki.